Kunamar Da Ta Ƙi Harbi

Dala ɗari uku da 'yan kai na biya,
a shagon da ke daura da gidan mai, can ƙarshen Bemidji.
Mai shagon ya turo mini kwalin da yatsa biyu
kamar mai miƙa ɗumamen jiya.
Orval maƙwabcina ya juya ta, ya leƙa bututunta,
ya ce, "Za ta yi."
Bai ce za ta yi me ba.

Na san araha ba ta ado.
Ni ba ado na fito nema ba,
nama nake so a firiza kafin ƙanƙara ta toshe hanya,
kuma albashin direban motar gungume
ba ya kaiwa ga mai zane a ƙota.

Asubar Nuwamba. Na yi salla a bayan a-kori-kura,
na zura rigar nan ruwan lemo da hukuma ta wajabta,
na hau bishiya na tsugunna
har yatsuna suka daina amsa kira.
Sai ga shi, namijin barewa, ƙaho reshe takwas,
hucinsa na tashi kamar an buɗe tukunya.
Na yi bisimilla. Na saita. Na ja kunama.

Ƙyas.

Iyakarta ke nan. Kunama ba dafi.
Ya ɗago ya yi mini kallon
da mai bin bashi ke yi wa mai sabuwar riga,
ya kaɗa farar wutsiya, kurmi ya haɗiye shi.

Ran Litinin na buga waya.
Danna ɗaya. Danna huɗu. Kiranka yana da daraja a wurinmu.
Minti arba'in da bakwai ana busa mini sarewa guda,
har ɗiyata Hansatu ta kama ta tana wanke-wanke.
Wata Darlene ta ɗauka, ta ce da ni Toni.
Na ce Tanimu.
Ta ce, wane harsashi ka ɗura?
Wanda takardarku ta ce.
Ka goge ta?
Baiwar Allah, ko takalmin Idi bai sha gugar da ta sha ba.
Na ji ta yi dariya ta rufe baki,
ta karanto mini lamba mai tsawon igiyar guga,
ta ce in aiko, mako uku.

Mako ukun kamfani
ɗan'uwan "dawo jibi" ne na tela.
Orval ya ara mini tsohuwar ta babansa,
duk tabo, ƙotar an ɗaure ta da waya.
Kwana biyu na yi a kan bishiya,
ko kurege bai gifta ba.
Ranar Lahadi da magariba aka rufe farauta.
Muka sayi kaji.

Sai tsakiyar Janairu kwalin ya dawo.
Ban kula takardar da inji ya buga ba,
wata 'yar guntuwa ce ta tsayar da ni, rubutun biro, a karkace:
"Wani ɗan ƙarfe ne a ciki ya yi gajere.
Ni na haɗa ta tun farko. Yi haƙuri.
Wendell, benci na tara."
Na karanta sau uku a tsaye.
Wata biyu ina zagin kamfani,
ashe mutum ne, da benci, da ciwon baya wataƙila.

Muka je filin gwaji, muka jera gwangwani biyar.
Biyar ta amsa, har kunnena ya yi ƙara.
Orval ya tofar da yawu a kan ƙanƙara,
ya ce, "Ai na ce za ta yi."

Yanzu tana kulle a akwatin ƙarfe, makulli na wuyana.
Jiya da sassafe na ɗaga labule,
ga shi a gindin tuffata yana tonon daskararru,
ƙaho ɗaya ya riga ya faɗi, kai a karkace kamar hular ɗan tasha.
Ko shi ne, ko ƙaninsa, oho.
Na tsaya da kofin shayi har ya huce.
A bayana Hansatu na ɗaure takalmin makaranta
tana busa sarewar kamfani da baki.